Allunan Kawu Mai Fenti

Na Allah ne mu, kuma can muka dosa gaba ɗayanmu. Kawu, yayan mahaifiyata, ya riga mu ranar wata Talata da hantsi. Kafin la'asar mun kai shi mun dawo, muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan kakanmu a unguwar Moshi Zongo, nan Tamale, muka zauna karɓar gaisuwa.

Na ɗauka dangi da maƙwabta kawai za mu gani, don Kawu ya daɗe ba ya fita, kuma mai fentin da aka daina kawo wa aiki ba ya da baƙi. Sai ga mutanen da ban ma san ya san su ba. Wani tsohon mai aski daga bakin kasuwa ya zo yana jan ƙafa, ya ce Kawu ne ya zana masa allon askinsa na farko, kuma a kan allon nan ya aurar da 'ya'ya huɗu. Wani Badagombe, tsohon direba, ya tsuguna ya yi gaisuwa irin tasu, mu muna amsawa da "naa, naa," sannan ya juyo gare ni da Hausarsa ta tasha.

"Bayan lorina shi ya rubuta Haƙuri. Lori ya mutu, inji ya mutu, taya ya mutu. Rubutu bai mutu ba."

Wadda ta fi kowa kuka kuwa ba danginmu ba ce, ba ma Musulma ba ce. Wata 'yar kudu ce mai gyaran gashi, wadda kowa ke kira Madam. Ta zo cikin baƙin zane da jan ɗankwali kamar yadda suke yi a can, tana kuka da ƙarfi, sai da Inna, mahaifiyata, ta riƙe ta ta ce mata a nan addu'a muke yi. Da ta share ido, sai ta aika aka kira ni zaure.

"Ɗana, na ji ka sa duka aikinshi cikin kwamfuta. Kawo mu gani, don Allah. Allona yana ciki, ko? Mace uku, ɗaya yana dariya."

Na ce, "Madam, sai bayan addu'ar bakwai."

An yi bakwai, an yi arba'in, ban kai mata komai ba, domin babu abin kaiwa. Aikin hannun Kawu na shekara kusan hamsin ya salwanta, kuma a hannuna ya salwanta. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Shi ya sa na ɗauki biro da takarda, ban buɗe kwamfuta ba, in rubuta abin da na tuna kafin shi ma ya bi sahu.

Wanda bai san Kawu ba, ya san warinsa: fenti da kananzir, har a masallaci. Matan gidanmu kan ce ko tuwo ya taɓa sai ya yi ƙamshin shago. Kayan aikinsa ba su cika buhu ba. Gwangwanayen madara da yake dama fenti a ciki, buroshi bakwai ko takwas da yake wankewa kamar jarirai, zare da garin alli na buga layi, da wata siririyar sanda mai ƙullin tsumma a kai, wadda yake jingina wuyan hannunsa a kanta in yana rubutu. Ba ya taɓa tsoma buroshi sai ya auna allon da zare ya ƙidaya haruffan da alli. In mai shago ya matsa masa ya yi sauri, sai ya ce, "Fenti ba ya jin a yi haƙuri. In ya sauka, ya sauka."

Bai taɓa sa sunansa a jikin allo ba. Na sha tambayarsa dalili, amsarsa ɗaya ce kullum: "Sunan mai shago aka kawo ni in rubuta. Ka taɓa ganin ungozoma ta raɗa wa jariri sunanta?" Amma yana da nasa hatimin, sai dai mu na gida kaɗai muka gane shi. Duk kan namijin da ya zana a allon aski, hancin Babana yake sa masa. Baba yana da hanci, Allah ya jiƙansa, irin wanda ke riga mai shi shiga ɗaki. Su biyun ba su taɓa shiri ba, kuma ni ne sanadin rabin faɗansu.

Da na gama sakandare na ce zane nake son yi, Baba ya ce zane ba sana'a ba ce, wasan yara ne da wasu suka manta ba su daina ba. Koyarwa yake so in yi, ko in zauna masa a shagon kayan babur. A gaban Kawu ya faɗi haka, da gangan. Sati na zagayowa aka kafa sabon allon aski a kan hanyar da Baba ke bi zuwa shago, kawuna shida, hanci shida, duk nasa. Baba ya canza hanya har ya bar duniya. Ni kuwa na kwashe kayana na koma wurin Kawu, na yi shekara uku ina koyon buga layi.

Akwai aiki ɗaya da bai taɓa karɓar ko fesuwa, wato ko sisin kwabo, a kansa ba. In aka yi rasuwa a Zongo, shi ke rubuta ɗan allon ƙarfen da ake kafawa a kan kabari. Yakan yanko shi daga tsohuwar ganga, ya buge shi ya miƙe, ya shafa farin fenti sau uku, kowane shafi sai ya kwana ya bushe, sannan ya rubuta suna da baƙi, Larabci a sama, boko a ƙasa. Da safiyar Juma'a yake wannan aikin, da alwala, ba ya magana. Ko ni bai taɓa bari na taɓa ba. Ya ce mai shago in an yi masa kuskure zai dawo ya yi faɗa, amma wannan ba zai dawo ba, don haka dole a fi kula da shi.

Faɗanmu ni da shi ya zo ne lokacin da na je Kumasi na ga yadda ake zana allo a kwamfuta, inji ya tofo shi a kan leda cikin ɗan lokaci, hoto kamar mutum zai yi magana. Na dawo kaina yana hayaƙi. Kawu yana tsakiyar rubuta allon wata mai tuwo na tsaya a kansa na ce, "Kawu, buroshi ya mutu, sai dai ba a yi masa sallah ba." Yaro man kaza. Ya ajiye sandarsa a hankali, ya dube ni, ya ce in haka ne in tashi daga gidan makoki. Kusan shekara guda ko gaisuwata ba ya amsawa sai da "lafiya" ɗaya tak.

Ban sami kuɗin kwamfuta ba, Baba kuwa ko a mafarki. Ina ta gararamba a gari, sai wata rana Inna ta miƙo mini kuɗi a ƙullin leda ta ce in ji yayanta. Ashe ɗan filin da yake noma gyaɗa a Gumani ya sayar, filin da yake cewa nan zai koma in idonsa ya gaji. Na ruga wurinsa zan durƙusa, ya daka mini tsawa.

"Tashi, kada ka zubar mini da fenti. Je ka sayo amaryar taka. In za ka yi abu, ka yi shi da kayan kirki."

Da hannunsa ya saya mini wuƙar da aka yanka sana'arsa da ita, kuma na tabbata ya sani.

Na buɗe shago a Choggu. Cikin 'yan shekaru masu aski, masu kemis, masu gyaran waya, har masu neman kujera lokacin zaɓe, duk suka dawo wurina ko wurin irina. Kawu kan hau kekensa ya zo ya zauna a bayana yana kallon gilashin kwamfutar, yana ta tsiya. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne maɓallin da ke janye kuskure. In na ja layi ya karkace, in danna, ya ɓace kamar ba a yi ba. Ya sa na yi masa sau biyar yana dariya. Daga baya ya daina dariyar ya ce, "Hannun da ya san za a yafe masa ba zai taɓa koyon tsoro ba." Na ce masa zamani riga ne. Ya ce haka ne, amma shi tasa ta riga ta koɗe a jikinsa.

Duk wanda ya sauke allon Kawu ya ɗaura banata, wato allon ledar da nake bugawa, Kawu kan bi shi ya roƙi tsohon allon. Wasu su ba shi, wasu su yi masa dariya su ba shi. Ya riƙa ɗauro su a bayan keke yana jerawa a ɗakin da ke kusa da zaure, har ɗakin ya cika zuwa rufi. A nan allon Madam yake, da na tsohon mai aski, da ƙyauren bayan wata lori. Can ƙurya kuma, a nannaɗe cikin zane, akwai wani ƙaramin allo da ya yi wa matarsa, wadda ta rasu tun ina firamare, lokacin da take sayar da koko da ƙosai. Hannunta kawai ya zana, riƙe da ludayi, da awarwaro biyu. Ya ce fuskarta ta fi ƙarfin fentinsa.

Sai gara ta shiga ɗakin. A daidai lokacin kuma babban ɗansa zai yi aure yana bukatar wurin zama. Aka yi ta kai ruwa rana, ɗan yana cewa a fitar da tarkace, uban yana cewa sai dai a fitar da shi tare da su. Ni mai wayo na shiga tsakani. Na kawo kyamara, muka fito da allunan tsakar gida ɗaya bayan ɗaya, na kwana huɗu ina ɗaukar hotonsu, na zuba su duka a kwamfutar shago. Na zaunar da Kawu a kujerata na nuna masa. Na matso masa da hannun matarsa har ya cika gilashin, ana ganin sawun gashin buroshi a jikin awarwaron. Sannan ya fara yi mini tambayoyi, kamar mai sayen akuya.

"Gara tana shiga nan?"

"Ba ta shiga, Kawu."

"Ruwa fa?"

"Ba ya taɓa su."

"Ba sa koɗewa?"

"Ko jikokin jikokinka haka za su gan su. Littafi ma zan yi maka da su, a san wanda ya yi."

Ya ce, "To, ka fi ni ɗaki."

Washegari ya buɗe ƙofa ya ce kowa ya ɗiba. Matan unguwa suka kwashi waɗanda gara ta ci suka hura wuta. Masu ƙwari aka yi garken awaki da su, aka yi teburin sayar da tumatir, aka toshe katanga. Na matarsa kaɗai ya riƙe, amma gara ta riga ta cinye shi ta ciki, da damina ta zo ya ruguje a hannunsa. Bai damu sosai ba. Ya ce ai tana wurin ɗan ƙanwarsa.

Ni da nake gaya wa kwastomomi su riƙa ajiye abu a wuri biyu, a wuri ɗaya na ajiye. Katin kyamarar na goge shi don in ɗauki hotunan bikin ɗan nasa. Kullum ina cewa gobe zan kwafe su a wani abin, gobe ta yi ta haihuwar gobe. Wata rana da rana tsaka hadari ya taso, aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi. Na ji ƙara kamar an fasa ƙwai, sai ƙauri. Mai gyara na nan Tamale ya buɗe kwamfutar ya girgiza kai. Na kai abin ajiyar cikinta Kumasi, na aika da shi Ankara, babban birninmu, kowa ya dawo mini da shi a leda. Na ƙarshensu ya ce, "Maigida, wannan sai dai ka yi masa addu'a." Na zagaya Zongo ina leƙa garken awakin mutane kamar ɓarawo. Abin da na samu rabin kunne ne da harafi biyu, sauran rana da fitsarin dabbobi sun wanke.

Ban gaya masa ba. Shekara uku ina ɗauke da wannan abu. Duk zuwan da zan yi gaishe shi sai ya ce, "Suna nan?" in ce, "Suna nan, Kawu." In ya tambayi littafi, in ce takarda ta yi tsada. Na saba da ƙaryar har ta daina yi mini nauyi a baki, a ƙirji kawai take yi.

A waɗannan shekarun ne kuma abin da na yi masa ya fara zagayowa kaina. Yanzu kowa yana zana banarsa a waya. Ƙarshenta ma an kawo wadda za ka gaya mata abin da kake so da baki, ta zana maka kafin ka haɗiye yawu. Masu zuwa shagona ba zane suke nema ba, bugawa kawai, kuma akwai masu injin da ya fi nawa a kowane lungu. Da na yi wa Kawu ƙorafi, na ɗauka zai ce Allah ya ƙara. Sai ya ce, "Ni aƙalla da mutum aka kore ni, kuma ɗana ne." Ban san abin da zan koya wa 'yata ba, mai son zane kamar hauka. Ranar da ta ce mini shi take so ta yi in ta girma, na buɗe baki sai na ji muryar Baba tana shirin fitowa. Na rufe bakin.

Kwana biyar kafin ya rasu, na same shi an fito da shi inuwar zaure da safe, ya rame har sandar rubutunsa ta fi damtsensa kauri. Ya kama rigata.

"Kawo mini amaryar taka gobe. Hannun nan nake so in gani, mai ludayi."

Na ce, "Kawu, tana wurin gyara. Ƙaramin abu ne."

Ya dube ni irin kallon da yake yi wa allo kafin ya buga layi. Mutumin da ke gane harafi ya karkace da faɗin gashi tun daga tsallaken titi, ban san yadda na yi tunanin zan ɓoye masa fuskata ba. Ya saki rigar, ya shafa wurin da ya cukuikuye.

"To, a bar su su huta," in ji shi. "Ka ci abinci kuwa?"

Bai sake tambaya ba. Da ya zage ni, da na sami abin riƙewa. Har yau ban san ko yafewa ce ko gajiya ba.

Bayan mun dawo daga maƙabarta, liman ya tambaya wa zai rubuta allon kabari, tunda mai rubutawa ne ya kwanta. Duk ido ya dawo kaina. Na ce ba komai. Na koma shago na tsara shi a sabuwar kwamfuta, harafi mai kyau, Larabci a sama, boko a ƙasa, na buga a sitika na manna a jikin faranti. Kowa ya yaba. Ɗansa ya ce ya fi na kowa tsafta a maƙabartar.

Wata bakwai bayan nan na je ziyara da safiyar Juma'a. Na yi ta zagaye ban gane kabarin ba. Ranar Tamale ta lashe rubutun tas, sitikar ta tattare ta ɗago, farantin ya koma fari fat kamar ba a binne kowa a wurin ba. Da na ɗaga kai kuwa, hagu da dama, gaba da baya, hannun Kawu ne. Layi bayan layi na sunayen mutanen Zongo, baƙi a kan fari, a miƙe, wasu tsatsa ta fara cin gefensu amma ana karanta su daga nesa. Nan ne kawai aikinsa ya rage a duniya, a wurin da ba mai zuwa kallon zane. Shi kaɗai ne a cikinsu ba shi da suna. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da ya rasu.

Juma'ar da ta biyo na karɓo buhun kayansa a wurin Inna. Buroshin sun ƙandare, na jiƙa biyu a kananzir har suka saki. Na ciro farantin, na kankare sitikar, na shafa fari sau uku kamar yadda yake yi, na koma da farantin maƙabarta na tsuguna a gefen kabarinsa da alwalata. Shekara goma sha wani abu rabona da buroshi. Harafin farko ya fito da kumburi. Na biyu ya zubo da hawaye. Sau biyu ina jin yatsana na hagu yana laluben maɓallin janye kuskure a kan ƙasa. Kuma don gaggawa ban ƙidaya da alli ba, sai da na zo ƙarshen sunan na ga wuri ya ƙare, na matse haruffa biyun ƙarshe suka hau juna.

Ina cikin kallon ɓarnar da na yi, wani mutum mai manyan kaya da ya zo ziyarar kabarin mahaifinsa ya tsaya a kaina. Daga ganinsa ba mazaunin gari ba ne. Ya dubi farantina, ya dubi na mahaifinsa, ya yi gyaran murya.

"Malam, kada ka ji haushi. Da ka nemi wanda ya rubuta na babana. Dubi, shekara ashirin da wani abu, ko gezau. Ban san sunansa ba, amma in ka tambaya a Zongo ba za a rasa wanda ya san inda yake ba."

Na soke farantin a ƙasa, na danna shi da dutse don ya tsaya.

Na ce masa, "To, zan tambaya."